Kafin ka ɗora bidiyon sumbatar dolfin, san abin da tikitinka ya saya

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram a lokacin hutun ƙarshen shekara ko bayan Sallah, ka san irin bidiyon da muke nufi. Matashi ko matashiya sanye da rigar nan mai hana nutsewa, ruwa har ƙirji, ga wata dabba mai santsin jiki, ruwan toka, ta ɗago kai ta manna baki a kumatu. A ƙasa an rubuta "Dubai ta yi" ko "Alhamdulillah, buri ya cika". Laik na zuba kamar ruwan Agusta, masu sharhi kowa na cewa Allah Ya kai mu mu ma. Sunan dabbar dolfin, wurin kuma ɗaya ne daga cikin wuraren shaƙatawa da ake tara dabbobin teku don 'yan kallo. Akwai su a Dubai da Abu Dhabi, akwai Fakieh Aquarium a bakin tekun Jidda inda wasu masu Umara kan leƙa kafin su hau jirgin dawowa, akwai uShaka Marine World a Durban ta Afirka ta Kudu, ga kuma uwa-uba SeaWorld ta Amurka, wadda ta buɗe reshenta na farko a San Diego tun 1964.

Ba mu ga laifin mai sha'awar zuwa ba. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ko Gusau, babban ruwan da ya taɓa gani bai wuce dam ɗin Tiga ko gulbin garinsu da damina ba, dole ransa ya biya in ya ga kifi ya fi mota girma. Gani ya kori ji. Amma ga matsayin wannan shafi tun daga farko: in Allah Ya hore maka, ka je, ka kalli kifaye, ka hau lilo, ka ci abincinka, amma kada ka zuba kuɗinka ko laik ɗinka a wasan da ake sa dolfin da orka yi, ko hoton da ake ɗauka ana rungumar su. Mu bi ranar tun daga ƙofar shiga, ka ji dalili.

Da safe, a bakin gilashi

Za ka iso da hantsi, ka bi layi, a duba tikitinka a waya, a miƙa maka taswirar wuri da jadawalin wasanni. Yawanci abin da za ka fara cin karo da shi wata doguwar hanya ce ta gilashi da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa. Kana tafe, kifin shak na gilmawa ta saman kanka, ga wasu kifaye masu faɗi kamar faifai suna kaɗa fiffike, ga kififfiyar teku tana iyo a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Ka shiga wani ɗaki mai sanyin da ya fi na hunturun Jos, ka tarar da tsuntsayen fengwin tsaye a kan ƙanƙara. Kusa da kowane gilashi akwai allo da ke faɗin sunan dabba, inda take rayuwa, abin da take ci, da abin da ke barazana gare ta.

Wannan ɓangaren ilimi ne, ba mu da ja a kansa matuƙar ana kula da dabbobin yadda ya dace. Yaron da ya tsaya gaban wannan gilashi ba zai ƙara ɗaukar teku a matsayin wani shuɗin fenti a taswirar aji ba. Da ranar a nan za ta ƙare, da ba mu rubuta komai ba. To amma kowa na duba agogo, don abin da ya kawo jama'a yana gaba.

Da azahar, a filin wasa

Filin kamar na ƙwallo ne, sai dai tsakiyarsa kwarmin ruwa ne na siminti. Kiɗa ya tashi, masu horarwa suka fito da guga cike da kifi da usur a wuya. Ɗaya ya ɗaga hannu, sai dolfin uku suka yi tsalle lokaci ɗaya, suka juya a sama, suka faɗa ruwa. Aka busa usur, aka jefa musu kifi. Wani ya yi tafiya da jela a kan ruwa, wani ya kaɗa fiffike kamar mai gaisuwa, na kujerun gaba suka jiƙe sharkaf suna shewa. Wayoyi duk a sama. Minti ashirin zuwa talatin, an gama.

Yanzu bari mu gabatar maka da wanda ya yi maka wasan. Dolfin ba kifi ba ne, ko da muna kiransa haka. Da huhu yake numfashi, ta wata ƙofa a saman kansa. Macen tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haihu, ta shayar da nono kamar saniya ko akuya. Tun da dole ne ya riƙa tasowa shan iska, ba ya barci gaba ɗaya: rabin ƙwaƙwalwarsa ke hutawa, ɗaya rabin na farke. Yana "gani" da sauti: ya fitar da ƙara, ta daki abu ta dawo, daga nan ya gane girman abin da nisansa, ko a cikin duhu. Kowane dolfin na da wani fito nasa na kansa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi, kusan kamar suna. A 2001 masu bincike biyu, Diana Reiss da Lori Marino, suka nuna cewa dolfin na gane kansa a madubi, abin da dabbobi ƙalilan ne ke iyawa.

Murmushin nan da ya sace maka zuciya kuwa, ƙirar muƙamuƙinsa ce kawai. Haka bakinsa yake yana ƙoshi, haka yake yana jin yunwa, haka yake yana ciwo, haka yake ko ya mutu. Ba shi da hanyar ɓata fuska ya nuna maka ya gaji.

Orka, baƙar nan mai farin ciki da farin tabo a bayan ido, ita ce babba a dangin dolfin. Namiji na iya wuce tan biyar. A teku suna tafiya a garke ƙarƙashin jagorancin uwa ko kaka, kuma a wasu garkunan ɗa namiji ba ya rabuwa da uwarsa har ɗayansu ya mutu. Kowane garke na da irin kukansa, kamar yadda Basakkwace da Bakano kowa ke da karin harshensa. Suna iya yin tafiyar fiye da kilomita 100 a rana, suna nutsewa ɗaruruwan mitoci. A 2018 duniya ta zuba ido kan wata uwa da masu bincike ke kira Tahlequah, a ruwan da ke tsakanin Amurka da Kanada: jaririnta ya mutu jim kaɗan da haihuwa, ta riƙa tura gawar da kai tana hana ta nutsewa har kwana 17.

Irin wannan halitta ce aka zuba a kwarmin siminti. Kai minti talatin ka gani. Sauran awa ashirin da uku da rabi, bayan an kashe kiɗa an share kujeru, tana can tana zagaya bango huɗu. Abincinta mataccen kifi ne da aka fito da shi daga firiza, wanda ba ta taɓa farautarsa ba. Likitocin dabbobi da tsofaffin masu horarwa sun sha bayyana yadda orka da ke tsare ke gwaguyar ƙarfen ƙofa da gefen siminti har haƙora su lalace, sai an huda su ana wankewa kullum. In ka kalli bidiyon manyan mazan orka na waɗannan wurare za ka ga doguwar ƙayar bayansu ta lanƙwashe ta kwanta gefe. Kusan dukkan waɗanda ke tsare haka suke, alhali a teku abin ba kasafai ake ganinsa ba.

Daga ina aka samo su?

Wannan ce tambayar da ba a rubutawa a allon bakin gilashi. A watan Agusta na 1970, a wani lungun teku da ake kira Penn Cove a jihar Washington ta Amurka, mafarauta suka yi amfani da jiragen ruwa da jirgin sama da abubuwan fashewa suka kora orka fiye da 80 cikin raga. Aka zaɓi ƙanana 7 aka sayar, wasu suka mutu a ragar. Ɗaya daga cikin ƙananan ita ce aka raɗa wa Lolita, aka kai ta Miami Seaquarium. Kwarmin da aka sa ta zurfinsa bai wuce mita 6 ba, kusan daidai da tsawon jikinta. Abokin zamanta, Hugo, ya mutu a 1980 bayan ya daɗe yana buga kansa a bango. Daga nan ba ta ƙara ganin wata orka ba har ta mutu a watan Agusta na 2023, shekara 53 a wuri ɗaya. Lissafa da kanka: an kama ta tun kafin a haifi iyayen da yawa daga cikinku.

Ta ɓangaren dolfin, sunan da ya kamata ka riƙe shi ne Taiji, wani ƙaramin gari a bakin teku a Japan. Duk shekara daga watan Satumba, masunta kan fita da jirage, su sa sandunan ƙarfe a ruwa suna bugawa. Ƙarar ta rikita dolfin, tun da da sauti suke gane hanya, sai a kora su cikin wani lungu a toshe da raga. A nan ake zaɓe. Ƙanana masu kyan jiki, marasa tabo, a ware su don sayar wa wuraren wasa. Sauran a yanka wasu don nama, a saki wasu. Kuɗin mai rai ya ninka na naman sau da yawa, shi ya sa masu fafutuka ke cewa kasuwar 'yan kallo ce ke riƙe da farautar. Fim ɗin The Cove na 2009, wanda ya ci kyautar Oscar a 2010, shi ya fallasa wannan ga duniya. Jagoran tafiyar, Ric O'Barry, shi ne ya horar da dolfin ɗin shirin talabijin na Flipper a shekarun 1960, daga baya ya juya wa sana'ar baya. A 2015 ƙungiyar gidajen namun daji ta duniya ta dakatar da takwararta ta Japan kan wannan batu, har sai da mambobinta suka kaɗa ƙuri'ar daina saye daga Taiji. Farautar dai ba ta tsaya ba, don akwai sauran masu saye a wasu ƙasashe.

Kada ka ce ai wannan can ne, nesa da inda muke zuwa. A 2007 an ɗauko dolfin 28 da aka kama a tekun Tsibiran Solomon, aka yi doguwar tafiya da su a jirgin sama zuwa otal ɗin Atlantis da ke Dubai, inda baƙi ke biya su yi iyo da su. Masu kare dabbobi sun yi ta ƙorafi a lokacin. Ba kowane dolfin da ke irin waɗannan wurare aka kamo daga teku ba, da yawa a tsare aka haife su. Amma wanda aka haifa a kwarmi ma kwarmin ne duniyarsa, kuma akan raba shi da uwarsa in wani reshe na buƙatar ɗan wasa.

Tilikum

In akwai labari ɗaya da ya sauya wannan sana'a, na Tilikum ne. An kama shi a gaɓar Iceland a 1983 yana ɗan kimanin shekara biyu. Aka kai shi wani ƙaramin wuri a Kanada mai suna Sealand of the Pacific, inda da daddare ake kulle shi a wani matsattsen akwatin ƙarfe tare da manyan mata biyu da ke yagar jikinsa da haƙora. A 1991 wata matashiyar ma'aikaciya ta zame ta faɗa ruwan, orka ukun suka riƙa janta ƙasa har ta rasu. A 1992 aka mayar da Tilikum SeaWorld ta Orlando. A 1999 aka wayi gari da gawar wani mutum da ya ɓuya a wurin da daddare, kwance a bayansa. Ranar 24 ga Fabrairu, 2010, bayan an gama wani wasa, ya fizgi Dawn Brancheau, ɗaya daga cikin ƙwararrun masu horarwa na kamfanin, ya ja ta cikin ruwa a gaban baƙi. Ta rasu tana da shekara 40.

Ka lura da wani abu: babu wani tabbataccen rahoto na orka da ta taɓa kashe mutum a teku, duk da masunta da masu iyo da ke haɗuwa da su. Rayuka uku na da alaƙa da orka ɗaya da ke tsare. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci tarar kamfanin, aka kuma hana masu horarwa shiga ruwa da orka yayin wasa. Tilikum ya mutu a watan Janairu na 2017, bayan an yi amfani da shi wajen samar da 'ya'ya 21.

Abin da masu wuraren ke cewa

Adalci ne a ji ta bakinsu, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko, suna cewa mutum ba ya kare abin da bai taɓa gani ba, kuma miliyoyin yara a nan suka fara son teku. Na biyu, suna aikin ceto. SeaWorld na cewa ta ceto dubban dabbobin da suka ji rauni ko suka maƙale a gaɓa, kuma gaskiya ne ma'aikatanta na cikin masu jinyar ayun Florida da farfelar jiragen ruwa ke yanka. Akwai kuma labarin Winter, dolfin da ta rasa jela a igiyar tarkon kaguwa, wani gidan kallo a Clearwater ya yi jinyarta har aka ƙera mata jelar roba, aka yi fim a kanta a 2011. Na uku, manyan wuraren Amurka sun daina kamowa daga teku shekaru da dama. Na huɗu, masu horarwa da yawa suna son dabbobin nan tsakani da Allah, kuma hanyar horon ta lada ce: ka yi daidai, a busa usur, a ba ka kifi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta biyar: in an rufe, ina za a kai su? Keiko, orkan da ya fito a fim ɗin Free Willy na 1993, an kashe maƙudan kuɗi aka mayar da shi Iceland a 1998. Bai iya shiga garken daji ya zauna ba, ya yi iyo har Norway yana neman mutane, ya mutu a can a ƙarshen 2003. A Faransa, da aka rufe Marineland ta garin Antibes a watan Janairu na 2025, orka biyu, uwa da ɗanta, sun ci gaba da zama a kwarminsu ana ta taƙaddama kan inda za a kai su.

Duk mun yarda da waɗannan. Amma ka duba da kyau, babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar dolfin ya yi tafiya da jela ko ya sumbaci baƙo ɗari a rana. Jinya ba ta buƙatar kiɗa. Yaron da ya kalli orka tana watsa wa mutane ruwa bai koyi yadda take rayuwa ba, ya koyi cewa dabba abin wasa ce. Matsalar inda za a kai waɗanda ke tsare kuwa dalili ce ta daina ƙaro sababbi, ta kamu ko ta haihuwa. Kuma ba kowane saki ne ke ƙarewa kamar na Keiko ba. A 2013 Koriya ta Kudu ta mayar da wani dolfin mai suna Jedol da wasu biyu tekun tsibirin Jeju inda aka kama su ba bisa ƙa'ida ba, suka koma cikin garkensu. A 2019 aka ɗauke wasu fararen dabbobin teku biyu da ake kira beluga daga wani wurin wasa a Shanghai zuwa mafaka a Iceland. Hanyoyi na nan, sai dai suna cin kuɗi, ba sa kawowa.

Da la'asar, layin ɗaukar hoto

Nan ne maganar ta zo kanka kai tsaye. Bayan wasa za a nuna maka wani layi: wanda ke son ya taɓa, ko ya yi iyo, ko a ɗauke shi hoto ana sumbatarsa, ya biya daban. Sau da yawa wannan kuɗin ya fi na shiga. Ka biya, aka ba ka 'yan mintuna, mai horarwa ya ba da alama, dolfin ya manna baki a kumatunka, aka ɗauka, aka jefa masa kifi, na bayanka ya matso. Ba sonka yake ba, ɗan'uwa. Aiki yake yi, kuma haka zai yi wa na gaba da na gaban na gaba har a tashi.

Sai ka ɗora. A nan ka zama ɗan talla, kyauta, da datarka. Mabiyanka dubu biyar ko dubu hamsin suka gani, goma suka sa a ransu sai sun je. Kamfanin bai ba ka ko sisi ba, kai ka ma biya shi.

Kada ka raina ƙarfin wayar hannunka, don ita ta durƙusar da wannan sana'a a wasu ƙasashe. A 2013 aka fitar da fim ɗin Blackfish na Gabriela Cowperthwaite kan rayuwar Tilikum, tashar CNN ta nuna shi a watan Oktoba, matasa suka ɗauke shi a Twitter da Facebook. Mawaƙa suka riƙa soke wasanninsu a SeaWorld, baƙi suka ragu. A rana ɗaya cikin watan Agusta na 2014 darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku. A watan Maris na 2016 kamfanin ya sanar da cewa ya daina haifar da orka, waɗanda ke hannunsa su ne na ƙarshe. A 2018 shi da tsohon shugabansa suka amince su biya fiye da dala miliyan 5 don sasanta zargin cewa sun ɓoye wa masu hannun jari irin illar da fim ɗin ya yi musu. Indiya ta hana gina wuraren wasan dolfin tun 2013, Kanada ta yi dokar hana kamawa da haifar da su a tsare a 2019, Faransa ta yi tata a 2021. TripAdvisor ya sanar a 2019 cewa zai daina sayar da tikitin wuraren da ke haifar da su ko shigo da su don nuni. Instagram ma tun Disamba 2017 yake fito da gargaɗi in ka nemi wasu kalmomin da ke da alaƙa da selfi da namun daji. Da aka buɗe SeaWorld ta Abu Dhabi a tsibirin Yas a watan Mayu na 2023, babu orka ko ɗaya a cikinta. Ba tausayi ne ya sauko wa 'yan kasuwa dare ɗaya ba, lissafi suka yi, suka ga masu saye sun canza.

To in kasuwar Turai da Amurka na ja da baya, ina kake jin sana'ar za ta nufa? Inda sababbin masu kuɗi da sababbin 'yan yawon buɗe ido suke: Asiya, ƙasashen Larabawa, da mu da ke tururuwa can. Shi ya sa maganar ta shafe ka, ko ba ka taɓa ganin teku ba.

Ba baƙon tunani ba ne

Wani zai ce wannan duk surutun Turawa ne, mutanen da ke kwana da kare a gado. Mu da ke fama da tsadar shinkafa da rashin tsaro, ina ruwanmu da damuwar kifi? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma na cikin abin da muka koya tun muna Islamiyya. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Kowa ya san na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Akwai kuma wanda Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya ce a mayar mata da su. Ka ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Penn Cove, ka ga ko akwai bambanci. Tausayin dabba bai rage komai daga tausayin mutum, zuciya ɗaya ce ke yin duka biyun.

Kuma kada mu yi ta nuna Miami da yatsa mu manta ƙofar gida. Kurar da ake zagaya kasuwa da ita da takunkumi da sarƙa, birin da aka sa wa riga ana kaɗa masa ganga yana tsalle, zakin da ya rame a kejin gidan zu, duk abu ɗaya ne da na Dubai, fenti da fitilu ne kawai babu. Mu ma muna ɗaga waya mu ɗauka, mu jefa naira ɗari, mu wuce.

Muna ma da namu dabbar ruwan mai shayarwa: ayu. Yana rayuwa a kogin Neja da na Binuwai da rassansu, ciyawar ruwa ce mafi yawan abincinsa, ba ya cutar da kowa. Macen ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara, sai ta ɗauki shekaru kafin ta sake, don haka duk wanda aka kashe ba a saurin maye gurbinsa. Yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta sa shi a rukunin da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Mutanen Japan na biyan kuɗi su kalli ayun Afirka a gidan kallon kifi na Toba. Mu kuwa a ina muka fi jin sunansa? A shafukan masu kayan mata, inda ake tallar "man ayu" a 'yar kwalba. 'Yar'uwa, ki yi lissafin nan kafin ki tura kuɗi: in na jabu ne, an cuce ki, in na gaske ne, an kashe ayu kafin ya iso hannunki. Ko ta ina, babu riba.

Abin da muke nema gare ka

Ba mu ce ka soke tafiya ba, ba mu ce ka je shafin wadda ta ɗora nata bidiyon ka zage ta ba. Yawancin masu ɗorawa ba su san komai daga abin da ka karanta yanzu ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Zagi ba ya koyar da kowa, tura mata bayani cikin mutunci ta akwatin saƙo ya fi.

In za ka je, duba shafin wurin tun kana gida. Akwai wasan dolfin ko orka? Ana sayar da iyo ko hoto da su? Suna faɗin inda suka samo dabbobinsu? Suna da sashen ceto da ke mayar da waɗanda suka warke teku? Akwai gidajen kallon kifi da yawa da ba su ajiye dolfin kwata-kwata, ka fifita su. In tikitin rukuni ne ya haɗa da wurin da ke da wasan, ba dole ne ka zauna a filin ba, kuma ba dole ne ka shiga layin hoto ba. In burinka ka ga dolfin ido da ido, akwai jiragen ruwa da ke fita da baƙi su kalle su a inda Allah Ya ajiye su, a gaɓar Afirka ta Kudu, a Oman, a Bahar Maliya. Ba a yi maka alkawarin za su fito ba, kuma ba za su sumbace ka ba. Ka zaɓi matuƙin da ke tsayawa nesa, ba mai bin su a guje ba.

In ba ka da halin tafiya ko'ina, kamar mafi yawanmu, har yanzu kana da ƙuri'a. Duk bidiyon da ka tsaya ka kalla har ƙarshe, ka danna masa laik, ka tura wa abokai, manhajar na ɗaukarsa a matsayin umarni ta ƙara yaɗa irinsa. Wuce shi kawai. Kada ka sayi man ayu, kada ka tallata shi. Kada ka jefa wa mai kura kuɗi. In kai mai yin bidiyo ne, ga aiki: je ka Yawuri ko Lakwaja ko Numan, ka zauna da masunta, ka tambaye su yaushe rabon da su ga ayu, ka ɗora mana amsar.